Laujen Dakiya da Shaidunsa Uku



Mu masu sha'awar rubuta labaran zamanin da, mukan karanta littafi ɗaya mu ce mun gama bincike. Tarihin wani makami ya isa ya nuna mana haɗarin hakan.

Dakiya tsohuwar ƙasa ce, a inda Romaniya take yanzu. Mayaƙanta sun shahara da lanƙwasasshen takobi da Rumawa ke kira falks, wato lauje a harshen Latin. Kaifinsa a ciki yake kamar na laujen yankan ciyawa, shi ya sa yakan zagayo garkuwa ya sari hannu ko kai. Yana da ƙane mai kama da wuƙa, ana ce masa sika. Sarkin Rum, Tarajan, ya yaƙi sarkin Dakiya, Desebalus, a shekarun 101–102 da 105–106, har ya ci babban birninsu, Sarmizegetusa.

To, wa ya ba mu labarin makamin? Shaidu uku ne.

Na farko rubutu. Mutanen Dakiya ba su bar littafin tarihin kansu ba. Wanda Tarajan ya rubuta kan yaƙin ya ɓace, jimla ɗaya tak ta rage. Kasiyus Diyo kuwa, da ake yawan dogaro da shi, sai bayan kusan shekara 100 ya yi nasa.

Na biyu sassaƙen dutse. A jikin ginshiƙin Tarajan na birnin Rum, da aka kammala a 113, yawanci gajeru ake gani a hannu ɗaya. A hasumiyar nasara ta Adamkilisi a Romaniya, ta shekarar 109, dogaye ne ana sara da hannu biyu, sojojin Rum kuma sun ɗaura sulke a dantse. Yaƙi ɗaya, hoto biyu, kuma duka biyun wanda ya yi nasara ne ya sa aka sassaƙa. Akwai lauje cikin naɗi: girman makamin abokin gaba ai ƙarin girma ne ga wanda ya kayar da shi.

Na uku abin da aka tono. An sami sika da dama, musamman a kaburbura, amma manyan falks 'yan kaɗan ne. Ƙasa ba ta yi wa sarki fadanci, sai dai ta cinye ƙotar itace ta bar ƙarfe mai tsatsa. Dole masana su koma ga sassaƙe don kimanta tsawon ƙotar.

Kowane shaida da giɓinsa, sai an haɗa su ake kusantar gaskiya. Kafin mu ɗora wa jarumin labarinmu takobi, mu tambaya: wa ya faɗa, yaushe, me zai samu? Mai karatu amana ya ba mu, abin da muka rubuta yau shi wani zai kafa hujja da shi gobe.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.