Ranar da Muka Rufe da Kwano

Tun da muka buɗe ido a gidanmu na cikin gari, 'yar tafiya kaɗan daga Ƙofar Nassarawa, muka tarar da kunkuru a tsakar gida. Dattijo muke ce masa. Kakanmu ne ya zo da shi daga wata tafiyar fatauci da ya yi ƙasar Damagaram, lokacin bai fi tafin hannu ba. Kafin mu taso ya girma har yaro ɗan shekara uku yakan hau bayansa ya tafi da shi. Babu wanda ya taɓa kai shi wurin likita. Abincinsa harawar tumaki ce, da ciyawa, da ragowar ganyen rama idan an tsince. Da hantsi yakan fito daga ramin da ya haƙa a bayan madafi, ya zo gindin rijiya inda rana ke fara sauka, ya miƙe wuya da ƙafafu kamar wanda aka shanya. Ƙadangaru kuma suna kan katanga suna irin nasu. In rana ta take, sai ya koma rami. Mu a lokacin lalaci muka ɗauki abin.

Da muka girma, kowa ya ɗan samu, sai muka haɗa kuɗi don gyaran gida. Mun gaji da taɓon damina da ƙurar hunturu. Aka shimfiɗa tayil, aka rufe tsakar gidan gaba ɗaya da kwano. Hajiya, kakarmu, ita kaɗai ta yi magana. "Ku bar mini ko ɗan wurin shanya mana," in ji ta. Muka ce, "Hajiya, ai zamani ya canja." Dattijo kuwa, da yake santsin tayil ya hana shi tafiya, ga shi kullum yana neman inda zai tona, sai aka ɗora shi a a-kori-kura aka kai shi gonar Baffa. Yana can har yau, lafiyarsa lau.

Yaran gidan suka yi ta kuka. Don a rarrashe su muka sayi ƙanana biyu a hannun wani mai yawo da su a kwali. Muka yi musu gata irin wanda Dattijo bai taɓa gani ba: akwatin gilashi a falo, kusa da taga, da latas da kabeji kullum, wani lokacin har da shinkafa da miya daga hannun yara. Suna ci, suna girma, muna murna.

Bayan kamar wata takwas muka lura ɗayan ya daina ɗaga jikinsa idan zai yi tafiya, sai dai ya riƙa jan ciki. Ƙoƙon bayansu, maimakon ya yi sumul kamar na Dattijo, sai kowane ɗan gida ya yi tudu. Wata rana ƙaramar 'yar Yaya ta ɗauki mai jan cikin ta ce, "Baba, bayansa ya yi laushi kamar burodi."

Likitan dabbobin da muka je wurinsa ya danna ƙoƙon da babban yatsa, ya lotsa. Tambayar farko da ya yi mana ita ce, "Malam, suna shan rana kuwa?" Muka ce ai kusa da taga suke, haske har ya yi musu yawa. Ya girgiza kai. Ya ce hasken da ya ratso gilashi ya riga ya bar maganin a waje.

Abin da muka koya a wurinsa, da abin da muka bi muka karanta daga baya, shi ne wannan. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, masana suna kiransa UVB. Idan ya sauka a kan fata, yakan juya wani sinadari da ke cikinta, ɗumin jiki ya ƙarasa aikin, ya zama bitamin D3. Hanta da ƙoda su sarrafa shi, sannan ne hanji zai iya tsotse kalsiyam daga abinci. In babu wannan bitamin, ko an ci kalsiyam wucewa yawancinsa yake yi. Jiki kuma ba ya haƙura da shi, domin zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki, sai ya koma yana kwasa daga ƙashi. Ƙoƙon kunkuru kuwa ƙashi ne, haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama rufi. Wato duk watannin nan da muke ganin suna girma, cin gidajensu suke yi daga ciki. Gilashin taga yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare kusan duk UVB. Mu kuma gilashi biyu muka sa tsakaninsu da rana, ga rufin kwano a sama.

Abincin ma bai taimaka ba. Irin wannan kunkurun na Sahel, wanda shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, ciyawa da busasshen ganye aka halicce shi ya ci. A daji har tsohon ƙashi yakan gwaguya idan ya samu. Latas kusan duk ruwa ne. Shinkafa da miya kuwa, wannan son zuciyarmu ne kawai. Ashe harawar da muke ganin abincin talauci ce ita ta gina Dattijo.

Muka kira ɗan Gwaggonmu da ke Ingila, saboda mun san yana da irin wannan kunkurun a gidansa. Ya juya kyamarar waya ya nuna mana ɗakin da ya ware masa. Akwai doguwar fitila mai ba da UVB, akwai wata ta ɗumi, akwai agogon da ke kunna su da safe ya kashe bayan awa 12. Ya ce fitilar tana iya ci gaba da haske alhali ƙarfin UVB ɗinta ya ragu, don haka duk wata shida zuwa shekara sai ya sayi sabuwa. Sai ya kwashe da dariya. "Yaya, ni ina biyan kuɗin wuta don in yi wa kunkuru ranar ƙarya, ku da kuke da ta gaske a Kano kun sa mai walda ya rufe ta!" Ba mu ji daɗin dariyar ba, amma ba mu da amsa. Har wani cikinmu ya ce a aiko mana da fitilar. Da wace wutar za mu kunna ta awa 12?

Mun so mu gyara ɓarnar da gaggawa, nan ma saura kaɗan mu ƙara wata. Wani ya kawo shawarar a sayo ƙwayar bitamin a kemis a riƙa dura musu. Likitan ya hana. Ya ce bitamin D na kwalba idan ya yi yawa guba ne, yakan sa kalsiyam ya taru a ƙoda da jijiyoyin jini, alhali wanda fata ke yi da rana jiki ya san inda zai tsaya. Sai kuma yara suka ji an ce rana magani ce, suka kai su soro a cikin roba da azahar, a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Allah Ya sa Hajiya ta tambayi inda suke. Ƙaramin kunkuru a roba ba inuwa, ba ya daɗewa. Sai a ranar muka gane abin da Dattijo yake yi da raminsa: ya sha ranar hantsi, ya gudu kafin ta zama wuta.

Muka koma fitar da su ƙofar gida da safe, a kan ƙasa, da rabin kwando a kife don su sami wurin fakewa, da ruwa a faranti. Abinci ya koma ciyawa da harawa da ɗan zogale, ana barbaɗa musu dakakken ɓawon ƙwai da aka dafa. Mai jan cikin bai kai sati uku ba ya mutu. Yara suka binne shi a bakin kwata, wurin da ya rage ba siminti. Abin ya tsaya mana a rai fiye da yadda muka zata, musamman da muka ji cewa irinsu yana ƙarewa a daji, kuma kamawa don sayarwa na cikin dalilan. Mai kwalin nan bai ce mana ga inda ya samo su ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Hajiya ba ta ce "na faɗa muku" ba. Abin da ta yi ya fi haka ciwo. Ta nuna jaririn amaryar ƙaninmu, wanda aka haifa bayan gyaran gida, ta ce, "To shi wannan fa, yaushe rabonsa da rana?" Muka yi shiru. Mu a tsakar gida aka yi mana wanka, a nan muka yi rarrafe. Shi daga ɗaki sai falo, daga falo sai mota. Fatar mutum ma da wannan hasken take yin bitamin D, kuma rashinsa na cikin abin da ke lanƙwasa ƙafar yara. Ko da yake rana kaɗai ba ta wadatarwa: wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da ke da wannan lalura a can sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Maganar likitan dabbobi ce dai ta dawo, rana da abinci, kowanne yana jiran ɗan'uwansa.

Sai da muka yi zama biyu kafin a yarda, domin wanda ya fi zuba kuɗi a rufin yana ganin asara ce. A ƙarshe aka kira mai walda ya cire fallen kwano huɗu ta gefen gabas, aka ɗaga tayil na wurin aka zuba yashi. Ƙura ta dawo, da damina kuma sai an yi ta shara da tsane ruwa, matan gidan ba su fasa yi mana mita ba. Kunkurun da ya rage ƙoƙonsa ya yi ƙwari, amma tudun nan ba za su kwanta ba, da su zai tsufa. Da misalin ƙarfe tara rana take shigowa ta wurin. Shi yake fara zuwa ya miƙe wuya, sai Hajiya ta jawo tabarma, ta ce a miƙo mata yaron.