Tsohon Doki Sai Mai Shi

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Ɗanbatta da Kazaure da Daura har zuwa Kongolam, ya san irin ƙaunar da ke tsakanin mutanen wannan yanki da motar Peugeot, wadda aka fi sani da Fijo. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a shekarar 1960, ƙirar 504 kuma ta biyo bayanta a 1968. Daga 1975 masana'antar PAN da ke Kaduna ta fara harhaɗa motocin kamfanin a cikin gida, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har wajajen 2006, wato shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a ƙasarta ta asali. A zamanin da take tashe, ita ce motar hakimi, ita ce ta ma'aikacin gwamnati, ita ce kuma ta haya, wadda ake laftawa mutane da buhunan gero ranar Lahadi idan kasuwar Ɗanbatta ta ci. A yau waɗanda suka rage a kan titi ba su da yawa, kuma galibinsu suna hannun dattawan da suka ƙi rabuwa da su.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan dattawa wani tsohon shugaban makarantar firamare ne a garin Ɗanbatta, wanda ya sayi 504 ɗinsa sabuwa fil da rancen mota a ƙarshen shekarun 1970. Ba ya zuwa da ita ko'ina mai nisa yanzu, illa gona da masallacin Juma'a da ta'aziyya a ƙauyukan kusa, sai kuma asibiti a Kano idan lalura ta kama uwargidansa. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa motar ta wuce abin marmari a gare shi. Kuɗin fanshonsa ba za su sayi wata ba, kuma idan giyabos ɗinta ya lalace, samun mai kyau ko a kasuwar Ƙofar Ruwa sai an sha wuya, domin yawancin abin da ake samu kwance ne daga motocin da suka riga tasa gajiya.

Shekara da shekaru bakanike guda ne yake taɓa masa ita. Da Allah ya yi wa wannan bakanike rasuwa, gareji ya koma hannun yaronsa, saurayi mai hazaƙa da ladabi, wanda ya buɗe ido da motocin Japan na zamani da kuma manyan motocin ɗaukar shanu. A hunturun da ya biyo baya dattijon ya lura giya ta biyu tana yi masa gardama da sassafe, ya kuma tuna an daɗe ba a yi wa giyabos juye ba. A nan ne shawara ta rabu gida uku.

Saurayin bakanike ya ce, "Baba Malam, tsohuwar mota ai sai mai kauri. A zuba mata mai lamba 140 irin na manyan motoci, duk wata ƙara za ta kwanta." Babban ɗan dattijon kuwa, wanda ke aiki a Kano, da ya ji labari sai ya taho da galan guda na man giya mai tsada, an rubuta 80W-90 da GL-5 a jikinsa. Ya durƙusa ya ajiye, ya ce, "Baba, mai shagon ya tabbatar mini babu wanda ya fi wannan a kasuwa." Dattijon, wanda bisa al'ada ba ya kama sunan ɗan farinsa, ya sa masa albarka ya ce, "Madalla da wannan yaro." Amma bai bari an buɗe galan ɗin ba. Ya shiga ɗaki ya buɗe adakarsa, ya fito da ɗan littafin da aka ba shi tare da motar, wanda takardunsa suka yi ja saboda daɗewa. Abin da littafin ya ce ya ba su mamaki su biyun: giyabos ɗin wannan mota baƙin mai yake sha, irin wanda ake zuba wa inji.

Wajibi ne a ɗan tsaya a nan a yi bayani, domin kowane ɗaya daga cikin mutanen uku yana da hujjar da ba ta wofi ba ce. A cikin giyabos akwai haƙora masu cuɗanya da juna, akwai kuma wasu zobba na tagulla waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudun haƙoran kafin direba ya tura giya ta shiga. Zoben yana yin wannan aiki ne ta hanyar kama ƙarfen da ke gabansa, kamar yadda birki ke kamawa. Saboda haka ana bukatar man da zai hana haƙora cin juna, amma kuma zai kauce da sauri ya bar zoben ya kama. Mai mai kauri ƙwarai ba ya kaucewa da wuri, musamman da asubar hunturu lokacin da ya daskare kamar man shanu. Shawarar saurayin za ta iya kwantar da ƙara, sai dai za ta ƙara wa giya ta biyu taurin da ake kuka da shi. Ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Batun lambobi ma yana ruɗar mutane da dama, har da masu ilmi. Ma'aunin kaurin man giya dabam yake da na baƙin mai, ko da yake ƙungiya ɗaya ce ta injiniyoyin Amurka, wato SAE, ta tsara su. Man giya mai lamba 90 bai ninka baƙin mai mai lamba 40 ko 50 kauri ba. Kusan kaurinsu ɗaya. Don haka wanda ya zuba baƙin mai a giyabos ɗin da aka ƙera domin sa bai zuba masa ruwa-ruwa ba, kamar yadda ake zato.

Su kuwa haruffan GL da lambar da ke biye da su, ba kauri suke nunawa ba. Suna nuna irin nauyin da man zai iya jurewa ne, wanda ya danganta da yawan sinadaran da aka zuba masa, galibi masu ɗauke da farar wuta. GL-5 ya fi GL-4 yawan waɗannan sinadarai nesa ba kusa ba, domin an tanade shi ne saboda aksul na baya, inda haƙora ke gugar juna da ƙarfin gaske. A can alheri ne. A cikin tsohon giyabos kuwa, farar wuta ba ta shiri da tagulla idan zafi ya yi yawa, kuma zafin bazarar arewacin Kano ba baƙo ba ne ga kowa. Gaskiya ne masu haɗa mai na wannan zamani sun rage wannan illa ƙwarai, amma saura matsalar santsi: man da aka yi domin kada ƙarfe ya kama ƙarfe yakan hana zoben tagulla yin kamun da aka ƙera shi dominsa. Mai shagon bai yi wa ɗan dattijon ƙarya ba da ya ce man mai kyau ne. Abin da bai tambaya ba shi ne, a wace mota, kuma a wane sashe nata. Malaman makaranta sun san irin wannan: littafin da ya fi kowane inganci a aji shida ba shi da amfani a hannun ɗan aji ɗaya.

Tsofaffin direbobi suna tuna wani misali da ya fi wannan tsanani. Aksul ɗin 404 na farko-farko yana da wata ƙafa ta tagulla wadda wani ƙarfe mai kama da dunƙulen igiya ke juyawa, kuma kamfanin ya ware masa wani mai na musamman da aka haɗa da man zurma, wanda ba a gauraya shi da man da aka saba. Wanda ya yi ganganci ya cika shi da abin da ya samu, ƙafar tagullar ce ke biyan bashin.

Abin da ya fi burgewa a al'amarin dattijon shi ne yadda ya raba gardamar ba tare da ya kunyata kowa ba. Ya sa saurayin bakanike ya karanta shafin da kansa, a bayyane, kamar yadda yake sa ɗalibai a da. Da ya kai ƙarshe sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi, Baba Malam, na sha ganin maigidana yana zuba baƙin mai a nan, na ɗauka tsimi yake yi." Daga nan dattijon ya juya shafi zuwa bayanin aksul, ya nuna wa ɗansa cewa galan ɗin da ya kawo shi ne daidai abin da wannan sashe yake bukata. Ashe tsarabar ba ta ɓata ba, ƙofa kawai ta ɓace mata.

Saura inda za a sayi baƙin man. A nan dattijon bai yi sassauci ba. Ya ƙi na bakin titi da ake aunawa a tsofaffin kwalabe, domin ido ba ya bambance sabon mai da wanda aka tace bayan an juye shi daga wata motar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ya aika aka sayo masa 20W-50 a gidan mai, cikin galan mai hatimi, wanda shi ne mafi kusa da abin da littafin ya ambata a cikin waɗanda ake samu a garin.

An yi juyen ne da hantsi, bayan an ɗan zaga da motar domin tsohon man ya yi ɗumi ya zubo duka. Saurayin ya fara kwance notin cikawa kafin na juyewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwantuwa; wannan kam ya koya daga maigidansa. Ya tari tsohon man a kwano ya kai shi rana, suka duba tare. Akwai ɗan ƙyalli-ƙyalli na garin tagulla a ƙasa, alamar zobban sun fara tsufa, amma babu gutsuren haƙori ko ɗaya. Giyabos ɗin bai sha lita ɗaya da rabi ba ya cika, man ya fara dawowa ta bakin ramin.

Giya ta biyu ba ta koma sabuwa ba, don mai ba ya mayar da tagullar da ta riga ta cinye. Ta dai yi laushi, kuma dattijon ya ci gaba da al'adarsa ta ɗan dakatawa tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu har inji ya ɗumama. Saurayin bakanike ya roƙi aron littafin na kwana biyu, ya kai aka ɗauki hoton shafukansa a wani shago kusa da tasha, saboda akwai wasu masu 504 guda biyu da ke kawo masa gyara daga wajen Makoɗa.