Shaida a Cikin Riga

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutumin da ya je inda ba wanda ya taɓa zuwa, ya komo ya ce ya je, in dai bai zo da shaida ba, maganarsa da tatsuniya duk ɗaya ne a kunnen mai gardama. Wannan shi ya sa masu hawan manyan duwatsu suke tattalin akwatin ɗaukar hoto, watau kyamara, kamar yadda matafiyin hamada yake tattalin salkarsa. Ba inda wannan magana ta fito sarai kamar a dutsen Everest, wanda yake kan iyakar Nepal da Tibet, mai tsawon mita 8,849, wanda babu dutsen da ya kai shi a duniya.

Sanyin can ba irin na hunturu ba ne, wanda akan kore shi da mayafi da jin wuta. Da dare yakan sauka ƙasa da sifili da fiye da digiri 20, ga guguwa mai ɗauke da dusar ƙanƙara. Iskar da mutum yake shaƙa a ƙololuwar dutsen kuwa ba ta wuce sulusin ta bakin teku ba, har mai ƙarfi yakan yi taku kaɗan ya tsaya yana haki. A irin wannan wuri ko cokali kaya ne, balle kyamara.

Ita ma kyamara sanyi yana kama ta kamar yadda yake kama mutum. A cikinta akwai ɗan murfi mai ƙiftawa, wanda yake buɗewa ya rufe don haske ya shiga daidai gwargwado. Man da aka shafa masa yakan daskare, sai ya riƙa nawa, ko ya ƙi motsi sam. Fim ɗin da ake naɗewa ciki yakan bushe ya yi ƙanƙas, in aka murɗa shi da gaggawa sai ya tsinke. In mutum ya yi sakaci ya huci gilashinta, nan take hucin ya zama ƙanƙara. In ya cire safar hannu ya kama ƙarfenta, fata ta manne, yatsu su sandare, wani ma har ya rasa su. Har wa yau, in aka shigo da ita daga sanyi zuwa cikin tanti mai ɗumi, sai raɓa ta kwanta mata ciki da waje, in an sake fita da ita raɓar ta daskare.

A shekarar 1924 wata ƙungiya ta Ingilishi ta tasam ma dutsen ta wajen Tibet. A cikinsu akwai George Mallory, wanda ya taɓa zama malamin makaranta, da wani saurayi ɗan shekara 22, Andrew Irvine, almajirin Jami'ar Oxford. Ran 8 ga watan Yuni abokinsu Noel Odell ya hango su can sama suna hawa, sai gajimare ya rufe su. Ba a sake ganinsu da rai ba. Wani likita da ke cikin tafiyar, Howard Somervell, ya ce ya ara wa Mallory 'yar kyamararsa ta Kodak, irin mai naɗewa ta shiga aljihu. To, tun daga wannan rana ake gardama: sun kai ƙololuwa kafin ajali ya same su, ko kuwa ba su kai ba?

Sai ran 1 ga watan Mayu na 1999, bayan shekara 75, aka tsinci gawar Mallory a gangaren dutsen, sanyi ya hana ta ruɓa. An sami wasiƙu a jikinsa, da wuƙa, da ashana, da tabarau na kare ido daga ƙyallin ƙanƙara, amma ba a sami kyamara ba. A watan Satumba na 2024 kuma aka tsinci takalmin Irvine a kan kogin ƙanƙara na Rongbuk, da safa mai ɗauke da sunansa. Nan ma ba kyamara. Masanan kamfanin Kodak sun taɓa cewa mai yiwuwa a iya wanke fim ɗin in an same shi, domin sanyin da yake hana na'ura aiki shi ne kuma yake adana fim. Abin da ba zai cika tafin hannu ba, shi ne ya tafi da amsar da manyan masana suka kasa bayarwa.

A shekarar 1953 wata ƙungiya ta sake fitowa ta wajen Nepal, Kanar John Hunt yana shugabanta. Waɗanda Allah ya nufa da kaiwa su ne Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga Niyu Zilan, da Tenzing Norgay, ɗan kabilar Sherpa. Sun kwana a wani ɗan tanti wajen mita 8,500 sama. Da asuba Hillary ya tarar takalmansa sun daskare kamar itace, sai da ya gasa su bisa risho kafin su saku. Amma kyamararsa, Kodak Retina mai fim na launi, wannan bai same ta ba, domin ya cusa ta can cikin tufafinsa, ɗumin jikinsa yana tsaron ta.

Ran 29 ga watan Mayu, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na hantsi, suka taka ƙololuwa. Hillary ya zaro kyamara daga cikin riga, ta kuwa amsa. Ya ɗauki Tenzing ya ɗaga gatarin ƙanƙara, wanda aka ɗaura wa tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nepal da Indiya. Sa'an nan ya juya ta kowace fuska ya ɗauki tudun da suka gangara ƙasa, domin duk wanda ya san dutsen, in ya dubi hotunan, zai tabbata daga sama aka ɗauke su. Ya kuma duba ko zai ga alamar Mallory da Irvine, bai ga kome ba. Kamar minti 15 suka yi, suka juyo. Shi kansa Hillary ba shi da hoto a wurin. Labari ya bazu a Landan ran 2 ga watan Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth II.

Kyamarorin yau galibi ba su aiki da fim, amma ba su tsira ba. Da batir suke aiki, shi kuwa batir sanyi yakan kashe masa ƙarfi tun bai yi rabin aikinsa ba. Saboda haka dabarar Hillary ba ta tsufa ba. Mai hankali yakan riƙe batir biyu ko uku a aljihun ciki, in wanda ke aiki ya raunana ya musanya shi, ya mayar da shi jikinsa ya yi ɗumi ya farfaɗo. Yakan rataya kyamara a ƙirji da igiya mai ƙwari, don abin da aka binne a ƙasan jaka ba ya fitowa a lokacin bukata, abin da ya suɓuce a gangare kuma ya tafi ke nan. Yakan sa safar hannu siririya a ƙarƙashin mai kauri, don ya iya danna maɓalli ba tare da ya tsiraita yatsunsa ba. Kafin ya shiga tanti yakan kulle kyamara cikin leda tun tana waje, ya bar ta ta yi ɗumi sannu a hankali, raɓa ta kwanta a kan leda maimakon gilashi. Ba ya buɗe cikinta a tsakiyar iska. Duk waɗannan kuwa tun a gida ake koyonsu har hannu ya saba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma akwai iyaka. An yi mutane da yawa da suka daɗe a sama fiye da kima, iskar tukwanensu ta ƙare, dare ya same su a hanya. Hillary da Tenzing sun ɗauki abin da ya wajaba, suka mayar da kyamara cikin riga, suka kama gangara tun da sauran ƙarfi a jikinsu. Hoto ba ya sauko da kansa, sai mai shi ya sauko da shi. Saboda haka wanda yake son shaidarsa ta isa gida, ya fara tsaron ransa, sa'an nan ya tsare kyamararsa.