Labarin Fuskokin Dutse na Bayon

Labarin da muka zo muku da shi yau na wani tsohon birni ne a ƙasar Kambodiya, can gabas tsakanin Tailan da Biyetnam. Sunansa Angko Tom, yana kusa da garin Siyam Rip. Ganuwarsa ta dutse ce, kowane gefe kilomita 3, tana da ƙofa 5. A tsakiyar birnin akwai ɗakin bauta, ana ce da shi Bayon.

In mutum ya hau bisansa, duk inda ya juya sai ya ga fuskar dutse tana dubansa. Hasumiya 37 ke tsaye, galibinsu kowace da fuska huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Fuskokin sun kai wajen 200, kowace ta yi tsawon mutum ko ta fi, ga leɓe mai kauri, ga murmushi.

To, fuskar wa ke nan? Da fari masu bincike sun zaci Birahma ne, domin mabiya addinin Hindu da fuska huɗu suke siffanta shi. Daga baya aka gane ɗakin na mabiya Buda ne, har a 1933 aka tono babban gunkin Buda a farfashe cikin rami ƙarƙashin hasumiyar tsakiya. Saboda haka waɗansu suka ce Lokeshwara ne, wanda a addininsu shi ne ma'abucin tausayi. Wani masani Bafaranshe kuwa, Joj Sedes, ya lura fuskokin sun yi kama da gumakan sarkin da ya yi ginin, watau Jayawarman na 7.

A ganinmu labarin sarkin nan shi ke warware maganar. A 1177 mutanen Cam suka zo da jiragen ruwa, suka ci babban birnin Kimer. Jayawarman ya kore su, ya hau gado a 1181, ya tarar jama'a a firgice. Sai ya kama gini. Rubutun da ya bari a kan duwatsu ya ce ya kafa gidajen magani 102, da masaukai 121 a bakin hanyoyi. Ku fatake kun san darajar wannan, gama abin da muke kira zango ke nan, inda ayari ke sauke kaya ya kwana lafiya.

Sarkin da ya yi haka, in ya sa an haɗa kamanninsa da na ma'abucin tausayi, an kuma fuskantar da su kusurwa huɗu, ai magana ce yake yi wa talakawansa: ba wani lungu na ƙasar da idonsa bai kai ba. Falken da ke tafe da dukiya ya ga haka, hankalinsa ya kwanta. Hakimin da ke shirin tawaye ya ga haka, ya shiga taitayinsa. Fuska ɗaya ce, amma kowa da abin da ta gaya masa.

Bayan rasuwarsa, cikin ƙarni na 13, mulki ya koma hannun masu bin Hindu, aka bi siffofin Buda ana kankarewa, amma manyan fuskokin suka tsira. A ƙasansu, jikin bango, masassaƙa sun zana waɗanda ake yi wa tsaron: mata a kasuwa, masunta, masu dafa abinci, da masu kallon faɗan zakaru. Wanda Allah ya kai shi can, kada ya ɗaga kai sama kaɗai, ya dubi waɗannan ma, don da guminsu aka ɗora duwatsun. Wassalam.