Inda Baƙo Ya Kwana

A zauren gidanmu da ke cikin birnin Zazzau, hannun dama idan mutum ya shigo daga titi, akwai wani ɗan ɗaki mai ƙyauren katako wanda tun tasowata ban taɓa ganin an sa masa kwaɗo ba. Ɗakin baƙi muke ce masa. Babu komai a cikinsa sai tabarma biyu da buta, da wata tsohuwar fitilar ƙwai da ta daɗe da daina aiki amma aka ƙi jefar da ita. A nan masu kawo hatsi daga ƙauye suke kwana idan dare ya yi musu a kasuwa. A nan wani almajiri daga Damagaram ya yi wata bakwai yana ɗaukar karatu a wurin malaman unguwar Juma. A nan kuma wanda ya kawo marar lafiya asibitin Shika ya rasa makwanci yakan raɓa. Kakana ne ya gina ɗakin, ya bar wasiyya guda a kansa: kada a tambayi wanda ya sauka ranar tafiyarsa sai ya kwana uku.

Zariya gari ne da masauki yake raba mutane. Cikin ganuwa na 'yan gari ne. Tudun Wada, a bayan Ƙofar Doka, ta karɓi baƙin Arewa a zamanin Turawa. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tashar jirgin ƙasa, ya tara mutanen Kudu. Samaru kuwa ta zama garin ɗalibai tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ina da abokan karatu da suka yi shekara huɗu a Samaru ba su taɓa shiga ta Ƙofar Doka ba, balle su ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Sun koma garuruwansu suna cewa sun san Zariya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Zariyar da suka kwana a cikinta suka sani. Duk wannan ina ganinsa tun ina yaro, amma ban taɓa tsayawa na auna shi ba sai da ni ma na zama baƙo a wani tsibiri.

A shekarar da na gama bautar ƙasa, Baffana ya kawo shawara a rushe zauren da ɗakin baƙin, a fitar da shaguna uku masu kallon titi. Biyu a ba da haya, ɗaya a ba ni in buɗe sana'ar tura kuɗi da cirar kuɗi, tunda takardar digirin tana kwance a akwati ba ta kawo ko sisi. Ni ne na fi kowa goyon bayansa. Na ce zamanin saukar baƙi a zaure ya wuce, otal-otal sun cika Sabon Gari, kuma a wannan marra ta rashin tsaro wa zai buɗe ƙofarsa ga wanda bai sani ba? Mahaifina ya ce a bari sai bayan damina. Hajiya, kakata, ba ta ce uffan ba; ta dai ci gaba da aika yaro ya share ɗakin kowace safiya.

Ana cikin haka sai wani rubutu da na yi kan gine-ginen ƙasa na birnin Zazzau ya sa aka gayyace ni taron matasa a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Masu taron suka ɗauki nauyin jirgi. Da aka tashi, ya rage mini kwana uku kafin ranar komawa, ga kuma ɗan abin da na tara daga alawus ɗin bautar ƙasa. Tsibirin Zanzibar yana nan cikin Tekun Indiya, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Shika girma ba sai a wannan tafiya, na ƙudura cewa sai na taka shi.

Daren da zan yanke shawarar wurin sauka, na kwana ina latsa waya. Masaukan tsibirin iri biyu ne a idona. Akwai manyan otal-otal na gaɓar teku, musamman a Nungwi da Kendwa can arewacin tsibirin, inda hotuna suke nuna farin rairayi kamar garin rogo, da itatuwan kwakwa, da ruwa shuɗi garau har ana ganin ƙasansa. Kuɗin kwana ɗaya a mafi sauƙinsu ya haura alawus ɗina na wata uku. Akwai kuma ƙananan gidajen baƙi a tsohon gari, wanda mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe: ɗaki da fanka da gidan sauro, ba teku a taga, ba tafkin ninƙaya. Kuɗina zai ishe ni kwana ɗaya tak a bakin teku, ko kwana uku a tsohon gari.

Abokina da muka yi taron tare ya ce, “Haba malam! Ka baro lungunan Zariya ka zo tsibiri don ka sake kwana a lungu? Kwana ɗaya na sarauta ya fi kwana uku na talauci.” Maganarsa ta shige ni, domin a ƙasan zuciyata hoton nake so: ni a kan rairayi, teku a bayana, abokai a gida suna yabawa. Na kira gida don in sanar da su inda zan nufa, aka miƙa wa Hajiya wayar. Ba ta tambayi teku ba, ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi, “To ɗan nan, a gidan wa za ka sauka?” Na ce, “Hajiya, otal ne, ba gidan kowa ba ne.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ikon Allah. Wurin da ba na kowa ba, wa zai nuna maka alƙibla?”

Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce hikimarta ce ta juya ni ba. Lissafi ne ya juya ni: idan na kwana ɗaya a bakin teku, sauran kwana biyun a ina zan sa haƙarƙarina? Na zaɓi tsohon gari ina jin kamar wanda aka hana nama aka ba shi romo.

Daga tashar jirgin ruwa zuwa masaukin bai kai tafiyar minti goma ba, amma sai da na yi kusan awa ina bulayi. Lungunan sun matse har mota ba ta shiga yawancinsu, sai babur da keke da amalanke. Gidajen dogaye ne, na dutsen murjani da farar ƙasa, ƙofofinsu na katako masu sassaƙa, wasu da manyan ƙusoshin tagulla. Abin da ya tsayar da ni cak shi ne dakali. A ƙofar kusan kowane gida akwai shi, an gina shi jikin bango, dattawa na zaune a kai suna shan gahawa. Su baraza suke kiransa. Da na shiga ɗakina na ɗaga kai, sai ga rufin an jera masa sandunan itacen gaɓar teku, kuma tsawon sandunan ne ya ƙayyade faɗin ɗakin, kamar yadda azara take yi wa maginin Hausa. Na zauna a bakin gado ina dariya ni kaɗai: na ƙetare Afirka daga yamma zuwa gabas, na faɗo cikin unguwarmu.

Da asuba kiran salla ya tashe ni daga masallatai uku a lokaci guda. Bayan an idar, wani dattijo da kowa yake kira Mzee, wato dattijo a harshen Suwahili, ya lura da hulata ya yafito ni zuwa dakalin da ke ƙofar masaukina. Da ɗan Larabcinsa da nawa, da guntun Turanci, muka yi hira. Ya ce habari, na ce labari. Ya ce kalamu, na ce alƙalami. Ya ce sabuni, na ce sabulu. Ya damƙo karafuu daga aljihu ya zuba mini a tafi, sai ga kanumfarin da Hajiya take sa wa a kunu, wanda noman sa ya ɗaukaka tsibirin bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa nan daga Maskat a wajen 1840. Shi ne ya nuna mini kasuwar Darajani, ya ce in je Forodhani da dare in ci kifi amma in tambayi farashi kafin a gasa. Shi ne kuma ya ce kada in bar garin ban je inda kasuwar bayi take ba, wadda aka rufe a 1873, aka gina majami'a a filinta. Na je, na sunkuya na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, na fito jikina a sanyaye, ina tuna rinjojin ƙasar Zazzau, waɗanda mu ma ba mu cika son a tayar da zancensu ba.

A rana ta biyu na hau daladala, motar hayarsu, na tafi Nungwi. Gani ya kori ji: tekun ya fi hotonsa kyau. Na tuɓe takalmi na shiga ruwan har gwiwa, na yi tasbihi. Amma don in isa gaɓar sai da na ratsa ƙauyen masunta, inda ake sassaƙa jiragen katako da hannu, na bi jikin doguwar katangar wani otal mai maigadi a ƙofa. A ɗaya gefen katangar, baƙi na kwance a inuwa ana kawo musu abin sha. A wannan gefen, mata na layi da jarkoki a bakin famfo. Ban ga laifin baƙin ba. Hutu suka zo yi, sun biya, kuma albashin samari da yawa daga aljihunsu yake fitowa. Sai dai na san da a ce can na sauka, da mota ta ɗauko ni daga tasha ta dire ni bayan katangar, da na koma gida ina rantsuwa na san Zanzibar, kamar abokaina na Samaru.

Na dawo tsohon gari da yamma ina jin kaina wani mai basira, wanda ya zaɓi mutane a kan rairayi. Mzee ne ya sauke mini wannan girman kai. Na tambaye shi wanne ne gidansa a lungun, sai ya nuna ƙofar da nake shiga in fita. A ɗakin da ke saman nawa aka haife shi. Da gidan ya fara tsagewa, magada suka rasa kuɗin gyara, suka sayar wa mai otal, kowa ya kama gabansa. Shi yanzu yana zaune a Ng'ambo, unguwannin da ke ƙetaren tsohon gari, kuma ma'anar sunan ke nan: ɗaya gefen. Kullum da asuba yakan tako ya yi salla a masallacin da ya saba, ya zauna a dakalin mahaifinsa, domin shi kaɗai ne ba a sa wa kwaɗo ba. Ya faɗi haka ba tare da ɗaci ba. Ya ce da ba a sayar ba, da gidan ya rufta, tunda ko Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashenta ya rushe a Disambar 2020. Tun da UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, in ji shi, ana kula da ƙofofi sosai. Masu ƙofofin ne suke ƙaura.

A daren nan barci ya ƙaurace mini. Ashe ni ma a bayan katanga nake, tawa dai ta fi tsufa ne. Kuɗin da na biya ya taimaka wa ginin ya tsaya, kuma irin kuɗin ne ya fitar da mai gidan waje. Abin da na samu a tsibirin wanda ya fi teku zauna mini a rai, ba a ɗakin da na biya na same shi ba. A kan dakali na same shi, wurin mutumin da ba shi da ko tabarma a gidan, amma ya ƙi yarda ya daina zama mai masaukin baƙi.

Bayan damina aka zauna kan maganar zaure. Baffa ya dube ni yana jiran in ƙarfafa masa gwiwa kamar da. Na ce, “Baffa, a gafarce ni, na janye. A yi shaguna biyu a jikin katangar gabas, a bar zauren da ɗakin baƙi. Nawa shagon na haƙura.” Ya ce, “Yaro, da tarihi za ka ci abinci?” Ban da amsa, kuma har yau ban samo ta ba. Tsoron da na ambata na rashin tsaro ma bai gushe ba. Yanzu duk wanda zai sauka sai mai unguwa ko limami ya san da zuwansa. Sana'ar tawa a ƙarƙashin lema nake yin ta, a bakin dakalin gidan, rana ta doke ni, ruwa ya kore ni cikin zaure.

Makon jiya, bayan sallar isha'i, wani saurayi ya tsaya a gabana da jaka a kafaɗa. Daga Gusau ya zo rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuɗinsa ba su kai na otal ba. Na kai shi wurin limami suka gaisa, na dawo na tura masa ƙyauren. Yana shiga ya ajiye jaka, ya ɗauki buta, ya juyo ya tambaye ni ina ne gabas.