Mun kwaɓa gari, mun gina gari

Mu ne matan wata ƙungiyar asusu ta nan Abala, ƙasar Kurfai, mu ashirin da bakwai. Mun saba karanta labarin masu turkar tumaki, da masu man gyaɗa, da masu ajiye wake har ya yi daraja. Namu labarin daban yake, har sai da muka yi shawara ko mu aiko da shi ko mu bari, don kunya. Kuɗin asusu muka ɗauka muka yi wa yara kayan wasa. Ku saurara ku ji dalili, sannan ku yanke mana hukunci.

Kun san halin da yankinmu yake ciki. Tun 2012 baƙinmu na Mali suka sauka a nan suna gudun yaƙi. A watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu sassan jihar Tilaberi. Daga baya namu na ƙauyuka su ma suka fara shigowa gari da jakuna da tabarmi, sun baro gona da rumbu. Lakwal da yawa na daji an rufe su. A cikinmu da wuya ki sami wadda ba ta da baƙi a gida.

Wata ranar zubi muna zaune gindin bedi, akwati a tsakiya, ana kiran suna, sai ga yara sun wuce da gudu. Sun rufe fuska da tsumma, kowa da karan hatsi a kafaɗa, suna kukan moto da baki. Suka kama wani ƙarami, suka ɗaure masa hannu ta baya, suka ce ya durƙusa. Kiran suna ya tsaya. Tsohuwar ƙungiyarmu, wadda duk muke ce ma Inna, ta ce: “Wanga ba wasa ba na. Abin da sunka gani shi suke maimaitawa.” Muka kore su da tsawa, amma mun san gobe ma haka za su yi, don ba mu ba su wani abu a madadinsa ba.

A lokacin ɗan magatakardarmu, mai karatu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya zo hutu. Da ya ji zancen sai ya nuna mana wani wasa a wayarsa. Sunansa Dungeons & Dragons, a Amurka ya fito a 1974, kuma har manya masu gemu suna yin sa. Mutum ɗaya ne yake ba da labari, kamar mai tatsuniya, sauran kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa, ana jefa ɗan lido a ga abin da zai same shi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne filin wasan. Wasu masu yin sa da kansu suke zuba ƙananan fale-fale a cikin mazubi, su jera su, su zama ɗakuna da lunguna da ƙofofi na wani gidan ƙarƙashin ƙasa mai duhu inda dodanni suke. In an gama a wargaza, gobe a sake wani jeri. Inna ta duba ta ce: “Ramin duhu kam muna da shi ya ishe mu. In za a yi, a yi gari.”

Nan gardama ta tashi. Ma'ajiyarmu, mace ce da ba ta wasa da ko dala ɗaya, ta ce tun da aka faro tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, ba ta taɓa jin an buɗe akwati don wasa ba. Ta ce akwai mai jiran bashin sayen akuya, akwai mai jiran na magani. Gaskiya ta faɗa, ba wadda ta iya musa mata. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba kyauta za a fitar ba. Mu huɗu, har da mai rubuta muku wannan, muka ci bashin jika goma da sunanmu, za mu mayar da jika goma sha ɗaya, ko an ci riba ko an faɗi. Dubararmu ita ce mu zuba allunan dara mu sayar wa maza, abin da ya rage mu yi wa yara.

Abin da ake zubawa shi ne farin garin nan da magina suke yin silin da shi a birni. Ƴan Najeriya suna ce masa POP, namu magina suna ce masa filatir. Asalinsa wani dutse ne mai ƙyalli da ake haƙowa, akwai shi a jihar Tawa, har masana'antar siminti ta Malbaza tana aiki da shi. Ana gasa shi ruwan jikinsa ya fita, a niƙe. Da zarar ya sake haɗuwa da ruwa sai ya koma dutse. Wannan magana ta ƙarshe an faɗa mana ita, amma ba mu ji ta da kunnen basira ba.

Rabin buhu aka sako mana a mota daga Yamai, ta Baleyara da Filinge. Ranar farko muka yi masa irin ta ƙullun tuwo. Muka juye tiya biyu a roba, muka zuba ruwan jarka da ya sha rana, muka kama tuƙi da muciya muna hira. Ba mu cika gwangwani na biyar ba sai abin ya fara ɗumi, ya daskare, muciya ta tsaya cak a tsakiya. Har yau tana nan a ciki, mun ajiye ta don tunawa. Waɗanda muka zuba a gwangwanin sardin kuma suka ƙi fita, don bakin gwangwanin a lanƙwashe yake, kuma ba mu shafa komai ba. Ma'ajiya ta zo ta duba, ba ta ce uffan ba, ta koma. Da ma ta yi faɗa ya fi mana sauƙi.

Sai da muka nemi wani magini da ya taɓa aikin silin, ya zauna da mu yini guda. Ga abin da muka koya, ko wata za ta gwada. Ruwa ake fara zubawa, mai sanyi, sannan a riƙa barbaɗa garin a kai har ya ɗan taso saman ruwan, kimanin awo biyu na gari a awo ɗaya na ruwa. A bar shi ya jiƙa kaɗan, a dama a hankali ya yi kaurin kunu. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a zube nan take, don cikin minti goma yake fara kamawa, kafin rabin awa ya zama dutse. Ruwan zafi da robar da ba a wanke ba suna ƙara masa sauri. Da sassafe muke yi, kafin rana ta ɗaga. Kafinta ya yi mana mazubi na katako mai buɗewa, kowane gida faɗin yatsa huɗu. Muna shafa masa ruwan sabulu, mu zuba rabi, mu shimfiɗa ƙyallen tsohon gidan sauro don ƙarfi, mu cika, mu bubbuga gefe iska ta fito. Bayan an cire sai a shanya a inuwa kwana uku ko huɗu.

Zane kuwa a laka ake yin sa. A shimfiɗa laka ƙarƙashin mazubin a danna abin da ake so: murfin kwalba ya ba da bakin rijiya, guntun tabarma ya ba da darni, kara ya ba da hanya. Abin da kika danna ciki, a tudu zai fito. Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci muka ce bari mu nuna gwaninta, muka rubuta ABALA a laka. Da aka cire sai ga rubutu a juye, ba mai iya karanta shi sai da madubi. Waɗanda ba su yi karatu ba suka yi ta yi mana dariya. Launi kuma jar ƙasa da shuni da gawayi muka dama da ƙaro.

Da muka tara guda sittin sai muka shimfiɗa tabarma muka kira yara. Mun zaci sai mun koya musu. Ina! Kafin mu buɗe baki sun fara jerawa. A cikinsu akwai wata yarinya, ba ta wuce shekara tara ba, daga wani ƙauye na wajen iyaka. Wata biyar tana gidan ɗaya daga cikinmu, in ban da “i” da “a'a” ba a taɓa jin bakinta ba. Wani yaro ya ajiye rijiya bayan rumbuna. Sai ta miƙa hannu ta ɗauke, ta ce: “Ba nan take ba. Gabas da masallaci take, kusa ga gao.” Ta ajiye ta inda ta ce. Ta nuna gidansu, da na kakarta, da inda ake ɗaure jakuna. Matar da take riƙon ta ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga nan ƴan garinsu suka kama gardama kan ina hanyar kasuwa ta bi, har uwayensu suka matso suna gyara musu.

Yanzu duk ranar zubi, in an rufe akwati, sai a buɗe gari. Yara ne suke gina shanu da raƙuma da mutane da laka, abin da suka iya tun fil azal. Inna ce mai labari. Ta ce “ga ta nan, ga ta nanku”, ta ɓoye kura bayan dutse, ko ta zaunar da Dodo a bakin rijiya, ko Gizo ya zo da yaudararsa. Kowa ya jefa ɗan lido ya taka gidajen da ya samu. Doka biyu muka sa: kowa ya jira layinsa, kuma ba wanda ya ci sai kowa ya shayar da dabbarsa ya komo gida. Don haka mai sauri dole ya koma ya taimaki na baya.

Wata rana wani yaro ya gina moto da mutum biyu a kai, ya ajiye a bakin gari. Muka yunƙura za mu murƙushe. Wani mushe da aka rufe lakwal ɗinsa, yana zaune kusa, ya ce mu dakata, ya tambayi yaron: “To, sai me ya faru?” Yaro ya yi shiru, can ya ce: “Ƙaya ta huda musu taya, sai sunka tura ta sunka koma.” Yara suka fashe da dariya, mu ma muka yi. Tun ranar ba ma hanawa, tambaya muke yi.

Sai zancen kuɗi, don mun san shi kuke jira. Allon dara gida talatin ne, layi biyar na gida shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu. Mun zuba shida masu kyau. Maza suka duba suka yaba, suka ce amma tun kaka da kakanni a ƙasa ake dara, kuma ƙasa kyauta ce. Huɗu muka sayar, wa masu shayi da wata fadar samari. Jika bakwai muka haɗa. Sauran jika huɗu mu huɗun muka cika daga aljihunmu, kowace jika ɗaya, kuma ba mu makara ko kwana ɗaya ba. A lissafin kaye mun faɗi. Kada wata ta ce mun ce mata sana'a ce.

Ba kuma za mu ce yara sun warke ba. Har yanzu in mota ta yi ƙara da dare akwai masu firgita, kuma karan hatsi bai bar kafaɗa gaba ɗaya ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne yarinyar nan yanzu tana zuwa aike tana gaida mutane, kuma yaran gari da na baƙi suna zama tabarma ɗaya suna jiran layi. Ma'ajiya har gobe tana cewa ba aikin akwati ba ne. Amma da damina ta faɗi, ita ce ta kwashe fale-falen ta kai ɗakinta, don filatir ba ya shiri da ruwa, kuma ita take ƙirga su duk mako kamar yadda take ƙirga zubi.

Ga mai son gwadawa, ga gargaɗi. Kada yaro ya tsoma hannu cikin kwaɓin yana kamawa, yana zafi, yana iya riƙe hannun ya ƙone shi. A rufe hanci lokacin barbaɗawa. A ajiye garin nesa da na tuwo, nesa da mai cikin da take kwaɗayin farar ƙasa, nesa da laima. In filatir ya yi muku nisa ko tsada, yumɓu ma yana yi, ku ba mai ginin tukwane ta gasa muku tare da nata.

In an zo rabon ƙarshen shekara za mu sake kawo maganar gaban ƙungiya: asusun taimako da muke tarawa don rashin lafiya da rasuwa da gobara, shin irin wannan yana cikin abin da ya kamata ya ɗauka, ko kuwa a bar shi ga aljihun masu so? Mu kanmu bakinmu bai zo ɗaya ba. Ƙungiyoyin da suke riƙe da baƙi kamar mu, ku aiko mana da naku ganin ta wannan jarida. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mayar da kowa garinsa na gaskiya.