Gwiwar Baba da Jijiyar da Ta Tsinke a Filin Kokowa

Mahaifinmu ɗan kokowa ne a ƙuruciyarsa. Wata shekara bayan kaka aka kayar da shi, gwiwarsa ta dama ta yi ƙara, mai ɗori ya ɗaure ta, kumburi ya saɓe, kowa ya manta. Sai da ya haura shekara 70 ciwon ya dawo, har tafiya masallacin unguwa ta gagare shi.

Mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi muka kai shi wurin likitan ƙashi. Mun tafi da shawararmu a hannu, domin mun ji cewa akwai aikin da ake sauya gefe ɗaya kawai na gwiwa, yanka kaɗan, warkewa da wuri. Likita ya kama ƙwaurin Baba ya jawo shi gaba, sai ƙashin ya biyo hannunsa. Ya ce, "Alhaji, ka taɓa jin rauni a nan?" Baba ya yi murmushi, ya ba da labarin kokowa.

A nan muka koyi abin da ba mu sani ba. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaban ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ƙarƙashin ƙashin cinya. Ƙarfe da robar da ake sawa a gefe ɗaya suna maye gurbin guringuntsin da ya cinye ne kurum, jijiya ce ke jagorancin motsi. In babu ita, ƙashin kan yi gaba da baya a kan robar, ta cinye da wuri ko ƙarfen ya saki. John Goodfellow da John O'Connor, waɗanda suka ƙera gwiwar Oxford a Ingila, sun ba da rahoto a 1988 cewa aikin ya fi lalacewa ga marasa wannan jijiya.

Likita ya ce ko a sauya gwiwar ɗungurungum, ko a gyara jijiyar tare da aikin, wanda ya fi dacewa da matasa, ko kuma a sa robar da ba ta motsi a rage gangaren ƙashin ƙwauri. Da yake gwiwar Baba ba ta yawan kuɓuce masa, ya zaɓi na uku. Tambayarsa ɗaya ce: "Zan iya zaman tahiyya?" Likita bai ɓoye masa ba. Tafiya na buƙatar lanƙwasa kamar digiri 60, tashi daga kujera kamar 90, amma zama bisa ƙafafu kusan 150 ne.

Yau wata 8 da aikin. Baba na zuwa masallaci ba sanda, yana tsayuwa a sahu, yana ruku'u. Saukowa daga matakala yakan dafa bango, ya ce yana jin ƙashin na neman zamewa. Sujada da tahiyya a kujera yake yin su. Da farko abin ya dame shi ƙwarai, sai da limaminmu ya tunasar da shi cewa addini ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Don haka jama'a, wanda zai kai tsohonsa wannan aiki ya fara tambaya ko jijiyar na nan, kuma kada a ɓoye wa likita tsohon rauni komai daɗewarsa. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.